Laujen da ke cikin jini: me ya haɗa sikila da sauron fadamar Kebbi?

A wani gida na danginmu da ke bakin fadama, tsakanin Argungu da Augie, akwai mata biyu. Uwargida ta haifi bakwai, duk suna nan garau, babban har ya fara bin ubansa su. Amarya ta haifi huɗu, ta binne biyu tun ba su yi wayo ba, autan kuma yana nan yana fama. Ranar da na fara ganinsa watansa tara. Bayan hannayensa da ƙafafunsa sun kumbura suntum, sun ɗau zafi, ko zani ya goge su sai ya tsandara ihu. Farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Kakarsa ta wajen uba tana zaune a tabarma da carbi a hannu, ta dube ni ta ce, "Malam, kai da ka yi boko, ai ka gani da idonka. Miji guda, gida guda, tukunya guda. Ɗakin can lahiya lau, ɗakin ga wabi. Wanga abu daga gidansu ta zo da shi."

Na ce, "Inna, rabi daga gidansu, rabi daga gidanmu." Ba ta ji daɗin maganar ba, ni ma ban ga laifinta ba, don abin da ido ya nuna mata ke nan. Duk wanda zai ce mata ido ya yi kuskure, wajibinsa ne ya warware mata zaren tun daga bakinsa. Zaren nan kuwa yana da tsawo: ya faro daga cikin jini, ya bi ta kan sauro da kududdufin fadama, har ya kai ga rana.

Abin da ya sa jini ya zama ja shi ne wasu ƙananan ƙwayoyi da ke iyo a cikinsa. A ɗigon jini da bai fi kan allura ba akwai kusan miliyan 5. Kowace ɗaya siffarta kamar waina ce da aka danna tsakiyarta da yatsa, ga laushi ga santsi, cike take da wani sinadari mai suna himoglobin. Aikinsa dako ne: ya ɗauko iskar oksijin daga huhu ya sauke ta a ƙashi da tsoka da ƙwaƙwalwa. Wasu jijiyoyin sun fi ƙwayar kanta ƙunci, sai ta lanƙwashe ta kurɗa ta wuce, sannan ta koma yadda take. Tana yin wajen kwana 120 tana wannan zirga-zirga, in ta tsufa saifa ta tsince ta, ɓargo ya ƙera sabuwa.

A jikin mai sikila, wanda wasu ke ce wa amosanin jini, himoglobin ɗin ne ke da wani hali. Muddin yana ɗauke da iska babu matsala. Da zarar ya sauke kayansa sai ya fara manne wa 'yan'uwansa, su jeru su zama dogayen tsinkaye masu tauri, su tokare ƙwayar daga ciki har ta tanƙware ta koma kamar laujen yankan shinkafa. Daga sunan lauje a Turanci kalmar sikila ta samo asali, tun bayan da wani likita a Shikago, James Herrick, ya ba da rahoton ganin irin wannan siffa a jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Giranada a 1910. Ƙwayar da ta zama lauje ba ta lanƙwasuwa, ga ta da danƙo. In ta isa ƙaramar jijiya sai ta maƙale, na bayanta su taru a kanta. Wanda ya taɓa ban ruwa a gonar rani ya san abin da ke faruwa in ciyawa ta toshe hanyar ruwa: fangalin da ke gaba shi ke ƙonewa. Azabar da yaron nan ke ji a yatsunsa ke nan, ƙashi ne ke kukan rashin iska. Sannan waɗannan ƙwayoyi ba sa daɗewa, kwana 10 zuwa 20 sun fashe, ɓargo ya kasa cike gurbi, jini ya yi ƙaranci. Dattin fashewarsu shi ke rina ido, sai a ce shawara ce a dafa saiwoyi. Saifa kuma, wadda ita ce matatar da ke kama ƙwayoyin cuta, tana lalacewa tun yaro yana ƙarami, shi ya sa zazzaɓin da wani yaro zai tsallake kan kayar da mai sikila cikin kwana ɗaya.

Akwai abu ɗaya da ke ƙara rikita mutane. Jariri yana zuwa duniya da wani himoglobin na daban, na zaman ciki, wanda ba ya mannewa. A hankali yake raguwa, sai wajen wata shida na manya ya karɓi aiki. Don haka ana suna lafiya, a yi arba'in lafiya, yaro ya yi ɓul-ɓul, daga baya ciwo ya bayyana. Nan ne ake fara cewa baki ne, ko iska, ko hannun kishiya. Alhali abin yana rubuce tun ranar da aka ɗauki cikinsa.

Na ce rubuce, kuma rubutun nake nufi. A cikin kusan kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai wani dogon zare da ake kira DNA, an jera shi da haruffa iri huɗu kacal, A da C da G da T, sun kai wajen biliyan 6. An naɗe shi ƙunshi-ƙunshi har 46, ana ce musu kuromozom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Kowane umarni na ginin jiki kofi biyu muke da shi ke nan, ɗaya daga kowane ɓangare. Umarnin da ya shafi sashen himoglobin da matsalar sikila take ciki yana kan ƙunshi na 11. A wuri guda, inda ya kamata a karanta GAG, sai aka sami GTG. Harafi ɗaya tak. Wanda ya yi karatun allo ba zai yi mamaki ba, don a rubutunmu na Warshu ɗigo ɗaya ne tsakanin fa da ƙaf, in yana ƙasa wannan, in ya hau sama wancan, ma'anar kalma kuwa ta sauya gaba ɗaya. Wannan harafin ya canja tubali na shida a cikin jerin tubala 146 da ake gina sashen da su, kamar yadda Vernon Ingram ya gano a Ingila a tsakiyar shekarun 1950. Kofin da yake daidai shi ake kira A, wanda ya sauya shi ne S.

Mai AA ya gaji A daga uwa da uba. Mai AS ya gaji ɗaya-ɗaya, kuma lafiyarsa ƙalau, yana noma yana su, yana iya tsufa bai san yana ɗauke da komai ba, don kofin A ya wadatar. Mai SS ne ke ciwo, shi kuwa ba ya samuwa sai S ta zo masa ta ƙofa biyu. Babu yadda za a yi uwa ita kaɗai ta ba ɗanta SS. Akwai kuma wani kofi mai suna C, ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, in ya haɗu da S yakan ba da ciwon SC, wanda galibi ya fi sauƙi amma shi ma ciwo ne.

Dokar wannan rabo Gregor Mendel ya fara fito da ita a 1866, bayan shekaru yana barbarar wani irin wake a lambu yana ƙirga abin da ya tsiro. Ni ma da wake nake koya wa ɗalibaina. Nakan kawo ƙwarya biyu, ɗaya uba ɗaya uwa, a kowace in zuba farin wake da jan wake daidai wa daida. Yaro ya rufe ido ya ɗauko ƙwara ɗaya daga nan, ɗaya daga can: haihuwa ɗaya ke nan. Fari da fari AA, fari da ja AS, ja da ja SS. Sai ya mayar da waken, a girgiza, wani ya ɗiba. In aka yi sau ɗari, ja da ja kan fito wajen sau 25, gauraye wajen 50, fari da fari wajen 25. Amma abin da nake so su lura da shi ba jimillar ba ce. Wani lokaci ja da ja kan fito sau uku a jere, wani lokaci a yi goma ba a gan shi ba. Ƙwarya ba ta tuna abin da ta bayar ɗazu. Masu cewa "ai mun riga mun haifi mai sikila ɗaya, ukun da ke tafe lafiyayyu ne" sun fahimci lissafin a baibai. Kowane ciki sabon ɗiba ne, ɗaya cikin huɗu. Kuma mu ba masu haihuwar biyu ba ne. Ma'aurata AS da AS da suka haifi takwas, in ka buga lissafin, tara cikin goma sai sun sami aƙalla mai SS ɗaya.

Yanzu a koma gidan can. Maigida AS ne, gwaji ya tabbatar daga baya. Uwargida AA ce, ƙwaryarta farin wake zalla, ko sau dubu aka ɗiba ja da ja ba zai fito ba. Amarya AS ce kamar mijinta. Ɗaki ɗaya lafiya, ɗaki ɗaya makoki, alhali jan waken maigida yana shiga ɗakunan biyu daidai. Mata nawa aka saka, nawa aka kira masu farar ƙafa, a kan abin da rabinsa na mijin ne? Wannan yana ci mini rai, don na ga yadda amaryar nan ke sunkuyar da kai in ana maganar 'ya'yanta, kamar wadda ta yi sata.

Tambayar da ta fi wuya ita ce: abin da ke kashe yara haka, me ya hana shi ƙarewa? Bisa hankali, in masu SS da yawa suna mutuwa kafin su yi aure, kamata ya yi S ta yi ta raguwa har ta ɓace. Amma a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu sikila a ƙasar nan duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Amsar ta fito daga wani masani, Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya. Ya lura cewa S ta yi yawa a mutanen bakin teku da na gefen tafkin Biktoriya, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, amma da ƙyar ake samunta a mutanen kan tsaunuka masu sanyi. A 1954 ya wallafa hujjarsa: yaro mai AS yana da garkuwa daga zazzaɓi mai tsanani.

Ƙwayar cutar zazzaɓi, bayan ta yi kamar mako guda a hanta, cikin jajayen ƙwayoyin jini take shiga ta zauna, tana cin himoglobin, tana hayayyafa, duk bayan awa 48 ta fasa gidan ta fito ta nemi wasu. A jinin mai AS gidan ba ya yi mata daɗi. Ƙwayar jinin da ta shiga takan tanƙware da wuri, saifa ta gane ta ta kawar da ita da baƙon da ke ciki. Bincike iri-iri a Afirka ya nuna hatsarin zazzaɓi mai kisa yana raguwa da wajen kashi 90 cikin 100 a yara masu AS. A kula, raguwar tsanani ce: mai AS yana kamuwa, yana kwanciya, gidan sauro bai faɗi a kansa ba. Mai SS kuwa zazzaɓi babban abokin gabarsa ne. To ka ga ma'aunin da aka yi dubban shekaru ana kai. Sauro yana ɗibar masu AA, sikila tana ɗibar masu SS, masu AS suna tsira su girma su haifa, S ta ci gaba da gudana a jini.

Mu Kabawa wannan labarin a ƙofar gidanmu yake. Binciken zazzaɓi na ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran jihar Kebbi da aka gwada, mafi yawa a Najeriya, lokacin da ƙasa baki ɗaya ke da kashi 22. Ba banza ba da aka tashi fara allurar rigakafin zazzaɓi ta R21 a Disambar 2024, Kebbi da Bayelsa aka soma da su. Dalilin yana shimfiɗe a fadama. Sauron da ke ɗauke da cutar, macen wani jinsi mai suna anofilis, ba ruwan kwata mai wari take so ba, wancan na wani sauron ne mai yawan kuka a kunne. Ba kuma tsakiyar gulbi take so ba, inda ruwa ke gudu kifi ke cinye 'ya'yanta. Tana son ruwa mara zurfi, mai ɗan tsabta, wanda rana ke duka: ramin da aka ɗebi ƙasar tubali, fangalin shinkafa da aka dasa bai rufe ba, sawun kofaton shanu a bakin mashaya. Na taɓa durƙusawa da ɗalibai a kan sawun sa guda ɗaya bayan ruwan Agusta, muka ga tsutsotsi kwance a saman ruwan kamar yankakken zare, in inuwarka ta faɗa musu su nutse. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, a irin ɗuminmu, kwana 7 zuwa 10 ne.

Rana ce ke tuƙa wannan duka. Zafin Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40 a Birnin Kebbi, yana gasa Sahara, iska mai zafi ta tashi sama, mai laima ta kwararo daga tekun Atlantika ta maye gurbinta, hadari ya haɗu. Agusta gulbi ya cika ya malala, Satumba da Oktoba ya ja da baya ya bar dubban kududdufai. Lokacin ne tumu da ɗanyar masara ke fitowa, shi ya sa na sha jin tsofaffi suna ɗora musu laifin masassarar kaka. Ɗumi yana da wani aikin kuma. In sauro ta sha jinin mai cuta, sai ƙwayar ta yi kwana 10 ko fiye a cikinta kafin ta iso yawunta, in kuma sanyi ya yi ƙasa da wajen digiri 18 ba ta ƙarasa girma. Yawancin sauro ba sa kai wannan tsufa. Tsohuwar sauro ce ke kisa, kuma amfanin gidan sauro mai magani ke nan, yana katse mata kwana kafin ta zama makami. Noman rani da ya bunƙasa a Suru da Bunza da Argungu alheri ne, ba mai cewa a bari, amma ya kamata mu sani ruwan da muke kwantarwa a Fabrairu ya tsawaita wa sauro damina, don haka naɗe gidan sauro da an ga kaka ta wuce kuskure ne.

Har asalin S ɗin ma yana da alaƙa da rana. Tsakanin shekara kimanin 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce Sahara kore ce shar, da tafkuna da dorinar ruwa. Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi a Yobe a 1987 yana haƙar rijiya, mai shekara wajen 8,000, shaida ne na wancan zamani. Ba wutar rana ce ta ƙaru ba. Rana tana da nata hawa da sauka na shekara 11, lokacin da baƙaƙen tabo ke yawaita a fuskarta su ragu, amma bambancin haskenta a wannan zagaye bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ba. Abin da ya faru shi ne juyin duniya a kan hanyarta ya sa a wancan lokaci ta fi kusantar rana daidai da bazarar arewa, ƙasa ta fi gasuwa, damina ta kutsa can cikin hamada. Wani bincike na 2018, wanda Daniel Shriner da Charles Rotimi, masani ɗan Najeriya, suka yi a Amurka, ya ƙiyasta cewa harafin nan ya sauya ne sau ɗaya, a jikin mutum ɗaya, shekara wajen 7,300 baya, a zamanin koren Sahara. Wasu masanan suna ganin ya fi haka daɗewa. In ƙiyasin farko ya tabbata, duk mai S a duniya jikan mutum guda ne, mu da dangin amarya kakanmu ɗaya.

Wasu kan ce a daina auren zumunci a huta. Lissafi bai goyi bayansu sosai ba. In kai AS ne, bare da ka ɗauko daga wani gari ɗaya cikin huɗu AS ce, 'yar baffanka kuwa wajen ɗaya cikin uku. Akwai ƙari, amma gudun gida ba ya fitar da kai. Gwaji ne ke fitarwa, kuma a tabbatar gwajin jinotayif aka yi, wanda ke nuna ko mutum AA ne ko AS ko SS, don da yawa kan zo da takardar rukunin jini mai O ko B su ce sun yi, alhali wannan na ƙarin jini ne, ba ruwansa da sikila. A yi shi a wurin da aka amince da shi, in da hali a maimaita a wani wuri, kuma kada a yi shi cikin wata uku bayan ƙarin jini, don jinin aro yana ɓoye gaskiya. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Mataki ne mai kyau, sai dai a ganina gwajin da aka yi bayan an kai kayan sa rana ya makara, lokacin zuciya ta riga ta kama, kunyar iyaye ta shiga, sai a fara neman takardar da za ta faɗi abin da ake so. Yaro ya san jinotayif ɗinsa tun yana firamare, kamar yadda ya san sunan kakansa. Wannan bai yi karo da ƙaddara ba, ɗaure raƙumi ne kafin tawakkali.

Wanda aka riga aka haifa da SS kuwa ba gawa ba ne da ke jiran likkafani. Akwai masu sikila likitoci da malamai da iyayen 'ya'ya, in suka auri AA ba za su haifi mai SS ko ɗaya ba. Abin da ke raya su a yarinta sananne ne kuma ba shi da tsada sosai: a gano da wuri, a cika alluran rigakafi, a ba da fenisilin da folik asid da maganin kariya daga zazzaɓi yadda likita ya tsara, a sha ruwa da yawa musamman a bazara don ƙishirwa tana kaurara jini, a rufe jiki a hunturu, kada a bar yaro cikin dukan ruwan sama. Jiki ya yi zafi, ko tafin hannu ya yi fari fat, ko ciki ya kumbura ta hagu, ko ɓari ɗaya ya saki, asibiti a ranar, ba gobe ba. Tsaga da ƙaho kuwa zubar da jinin wanda ba shi da jini ne. Akwai maganin haidiroksiyuriya da ke farkar da himoglobin ɗin zaman ciki, wancan da ya kare jariri a watanninsa na farko, yana rage yawan tashin ciwo ƙwarai. Dashen ɓargo yana warkarwa in an sami ɗan'uwa da ya dace. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da Casgevy, maganin da ke gyara rubutun DNA a ƙwayoyin ɓargon mara lafiya, amma kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, don haka a yau ba namu ba ne.

Yaron nan yanzu shekararsa bakwai, yana zuwa makaranta da gorar ruwa rataye a wuya. Da sakamakon maigida ya fito na kai wa Inna har ɗaki, na ɗauko wake a madafa na jera mata a faifai. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To shi ɗan nawa, wa ya ba shi jan?" Na ce, "Ko ke, Inna, ko marigayi." Ba ta ce komai ba, ta tattara waken ta mayar a ƙwarya. Bayan sallar layya aka kwashi 'ya'yan uwargida bakwai aka kai su gwaji a Birnin Kebbi. Uku AS ne, cikinsu har da babbar 'yar, wadda wani ɗan gwaggonta daga Gulma ya fara turo magana a kanta. An aika masa ya je ya yi nasa kafin manya su zauna.